Rashi da Haƙuri a Cikin Labarin Baba Mutuniyar Karo

A cikin rubutun zube na Hausa akwai wani fanni da har yanzu bai tsaya da ƙafafunsa ba, shi ne tarihin gida. Wato littafin da mutum zai zauna ya ba da labarin iyayensa da kakanninsa da 'yan uwansa, waɗanda suka rasu da waɗanda suka ɓata, da kuma yadda na baya suka ci gaba da rayuwa. Ba tarihin manya muke nufi ba, irin wanda ake ɗaukar marubuci haya ya tsara, a tara attajirai ranar ƙaddamarwa, kowa ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗin mota, ya kai gida ya jingine. Wannan kam muna da shi har ya ishe mu. Wanda muke nema shi ne littafin da zai gaya mana yadda gida yake wayar gari bayan an fita da gawa.

Abin mamaki shi ne, littafin da ya fi kusa da cika wannan gurbi ba marubuci ne ya yi shi ba. Wata tsohuwa ce da ba ta taɓa riƙe alƙalamin boko ba, ta faɗa da bakinta, wata Baturiya ta rubuta. Sunanta Baba, mutuniyar Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa a kudu maso yammacin ƙasar Kano, daf da iyakar Zazzau. An haife ta wajen 1877, ta rasu a 1951. Baturiyar kuwa ita ce Mary F. Smith, matar M. G. Smith, masanin nan da ya rubuta tarihin sarautar Zazzau da ta Kano. Sun haɗu a Giwa, inda Baba ta yi zaman tsufanta, suka shafe kimanin mako shida, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tsohuwa tana faɗa, baƙuwa tana rubutawa da Hausa. An buga fassarar Ingilishi a London a 1954 da sunan Baba of Karo, Jami'ar Yale ta Amurka ta sake bugawa a 1981. Amma mu masu harshen, sai a farkon shekarun 1990 muka sami ganin maganar Baba da Hausarta, a cikin Labarin Baba Mutuniyar Karo ta Ƙasar Kano. Kusan shekara arba'in ke nan ɗaliban Ingila da Amurka suna karanta kakarmu, mu muna jiran a ba mu labari.

Manazarta sun daɗe suna ɗaukar littafin a matsayin rumbun al'adu: ga yadda ake aure, ga yadda ake suna, ga bori, ga ƙawance. Ba su yi ƙarya ba, duk suna ciki. Sai dai mu a namu karatun, jigon da ya ratsa littafin tun daga farko har ƙarshe shi ne rashi, da dabarun da gidan Bahaushe ya tanada don kada rashi ya rushe shi.

Mai karatu ya dubi zamanin da matar nan ta rayu a ciki. Ta tashi a lokacin da mahara ke faɗa wa ƙauyuka su kama mutane, a zamaninta aka yi Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, a zamaninta Turawa suka ci Kano a 1903, ta ga yunwar 1914. Kakanninta daga Barno suka zo, mahaifinta Tsoho manomi ne kuma malami, gidansu gidan rinji ne mai bayi. Ta yi aure huɗu: na fari auren zumunta da Duma, sannan Malam Maigari, sannan Malam Hasan wanda mutuwa ta raba su, sannan Ibrahim. A duk aurarrakin nan Allah bai ba ta haihuwa ba. Ga shi kuma ta zama ungozoma, wato ta ƙare rayuwarta tana yanke wa 'ya'yan wasu cibi. Da ƙagaggen labari ne da mun ce marubucin ya cika gishiri.

To, yaya Baba take ba da labarin rashi? A nan ne wanda ya saba da littattafan Turawa zai yi tuntuɓe. Ba ta tsayawa ta kwatanta abin da ta ji a zuciyarta. Mutuwa takan zo a cikin jimla ɗaya ko biyu, kamar yadda ake faɗin saukar damina, daga nan sai ta wuce zuwa ga abin da ya biyo baya: wa ya ɗauki marayun, ina matar ta yi takaba, wa ya aure ta bayan ta fita, wa ya gaji gona. Wanda ya yi karatun gaggawa zai ce matar nan ba ta da tausayi, ko kuma ya ce mutanen da sun saba da mutuwa har ta daina yi musu ciwo. Mu ba mu yarda da ko ɗaya ba. Ciwon yana nan, wurin da ta ajiye shi ne daban. Ta ajiye shi a cikin lissafin sunaye. Tsohuwar da ta haura saba'in, ta zauna tana jero dangi ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya haifi wane, da garin da aka kai wance, da inda wane ya kwanta dama, ba ta tsallake na goye ba, ba ta tsallake wanda ya mutu tun tana yarinya ba, wannan ba aikin busasshiyar zuciya ba ne. Mutum ba ya riƙe sunan wanda bai dame shi ba har shekara sittin. Shafukan da ɗalibai ke tsallakewa don sun cika sunaye, mu a ganinmu su ne makokin littafin.

Inda salon nan ya fi ƙarfi shi ne labarin mutanen gidansu da maharan Mai Sudan suka kama. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta tsine wa kowa ba. Abin da ta ba mu shi ne yadda aka bi sawu, yadda aka gano inda suke, yadda aka yi cinikin fansa da wuri, har cikin da ke jikin matar da aka kama sai da aka yanka masa nasa kuɗin. Wannan magana ɗaya, ta ɗan da bai zo duniya ba amma an riga an yi masa farashi, ta fi shafi goma na hawaye nauyi. Marubutanmu na yau da tauraruwarsu ba ta iya jin mummunan labari sai ta yanke jiki ta faɗi, a yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo ta sake sumewa, ya kamata su zauna su karanta wannan wuri da kyau.

Haka kuma maganar rashin haihuwa. A ƙasar Hausa babu rashin da ya kai wannan daɗewa, domin shi ba a yi masa zaman makoki, ba a yi masa sadakar uku ko ta arba'in, kullum sabo ne. Baba ba ta mayar da shi abin kuka a cikin labarinta ba. Abin da muke gani shi ne riƙo: dangi suna ba ta 'ya'ya, tana raino, tana aurarwa, ana kiran ta uwa. A nan littafin ya nuna mana abin da kalmar haƙuri ke ɓoyewa. Mukan yi maganar haƙuri kamar wani abu ne da mutum ke haɗiya shi kaɗai a cikin ɗaki. A labarin Baba kuwa haƙuri aiki ne da jama'a ke yi wa mutum. Riƙo, da ƙawance mai ɗorewa har tsufa, da zumuntar da ke sa a yi tafiyar kwanaki don gaisuwa, da 'yancin da mace ke da shi na fita daga auren da ya ƙi ta koma gidansu, su ne sandunan da ta dogara. Ba jarumtakar zuciya kaɗai ta tsayar da ita ba, akwai mutane a kewaye da ita. Wannan bambanci yana da muhimmanci a gare mu yau, da ake ce wa bazawara mai marayu biyar a ɗakin haya ta yi haƙuri, alhali an janye duk sandunan da kakarta ta dogara da su.

Duk da haka, littafin ba ya rasa aibi, kuma son da muke yi masa ba zai hana mu faɗa ba.

Babban aibinsa shi ne makokin gefe ɗaya ne. Gidan su Baba sun ɗanɗani zafin kamu, sun san abin da ake ji idan aka tafi da naka. Amma su ma suna da rinji cike da mutanen da aka rabo da nasu iyayen. Baba tana ambaton bayin nan, tana faɗin yadda suke noma da yadda ake zaune da su, da yadda da yawa suka watse bayan zuwan Turawa, amma watsewar tasu a bakinta hasara ce ta gida, ba komawar wani ga danginsa ba. Ba mu ji ta tsaya ta tambayi daga wane gari aka kamo uwar wane ba. Ba muna cewa ta yi mugunta ba ne, 'yar zamaninta ce. Muna cewa mai karatu ya sani cewa a bayan kowane tarihin gida akwai wani gidan da ba a ba shi baki ba. Wanda ke son jin ɗaya gefen sai ya nemi labarin Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da aka kama aka raba da iyayensa, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855, ya ba J. F. Schön labarinsa aka buga a cikin Magana Hausa a 1885, ya ƙare rayuwarsa a Nasarawa ta Kano a 1912. Ko kuma ya koma ga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934, inda uwa ta ratsa Sahara tana neman ɗanta, ta gan shi, ba ta daɗe ba ta cika. Littattafan nan uku a jere ya kamata a riƙa karanta su, kowanne yana toshe ɓarakar ɗan uwansa.

Sannan akwai hannun mai tambaya. Mary Smith matar mai binciken al'adu ce, kuma mijin ne ya rubuta gabatarwa da bayanan ƙarshe. Akwai wuraren da mai karatu zai ji labari yana tafiya da ƙafarsa, sai kwatsam a tsaya a shiga bayanin yadda ake wankan jego ko kamun amarya daki-daki. A irin wuraren nan ba Baba ke jan akala ba, amsa tambaya take yi. Wa ya san abin da za ta faɗa a kan mutuwar Malam Hasan da an bar ta ta yi shiru na ɗan lokaci, ba a tambaye ta ƙa'idojin takaba ba? Haka nan yabon da ta yi wa zuwan Turawa, cewa sun kawo ƙarshen hari da kamu. Ba mu shakkar ta ji daɗin kwanciyar hankali, duk wanda aka taɓa kama nasa zai ji. Amma kada a manta da Baturiya take magana, a zamanin da Bature ke mulki.

Yanzu sai mu dawo gida. Duk wanda ke zaune a Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi ya san unguwannin nan a tsakanin abu biyu suke: ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a bakin Titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, ga kuma maƙabartar Tarauni. Da wuya mako ya wuce ba a toshe wani layi da rumfa da tabarmi ba. Mun iya zaman makoki ƙwarai. Mun san abin da ake faɗa: ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa ya huta. Mun san abin da ake amsawa. Bayan kwana uku a naɗe tabarmi, a mayar da rumfa, shi ke nan. Birnin nan ya ga annobar sanƙarau ta 1996, ya ga jirgin da ya faɗa kan gidajen Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002, ya ga harin 20 ga Janairu 2012 da na Babban Masallacin Juma'a ranar 28 ga Nuwamba 2014. Ya ga watan Afrilu na 2020, lokacin da dattawa suka riƙa faɗuwa kamar ganyen kaka, har Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ba da adadin mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana da gida, yana da wadda ta yi masa takaba wata huɗu da kwana goma, yana da yaron da aka cire daga makaranta saboda babu mai biya. Je ka wurin masu sayar da littattafai ka ƙirga nawa ne suka ba da labarin gida ɗaya tak daga cikinsu, ka gwada da tarin littattafan soyayya.

A cikin shekarar 2020 ɗin nan ce Chimamanda Adichie ta rasa mahaifinta, kafin shekara ta zagayo da kyau ta fitar da Notes on Grief a 2021. Aminatta Forna ta Saliyo ta bi sawun mahaifinta da gwamnati ta rataye a 1975, ta rubuta The Devil That Danced on the Water a 2002. Ba muna cewa a kwaikwayi salonsu ba ne, domin irin buɗe ciki da suke yi ba lalle ya karɓi bakin Bahaushe ba, kuma Baba ta riga ta nuna mana cewa akwai wata hanyar. Muna nuna cewa wasu sun ɗauki rashin gida a matsayin abin da ya cancanci littafi.

Me ya hana mu? Wasu za su ce addini. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da jayayya da hukuncin Ubangiji, ba baƙin ciki ba. Surar Yusuf labarin gida ce daga farko har ƙarshe, da uban da ya yi ta baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib har suna gare ta a tarihi. A nan ƙasar ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bar marsiyyoyi masu yawa: ta yi wa ɗan uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Wanda ya bi su a jere a cikin kundin da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997 zai ga tarihin gidan Shehu ne aka rubuta ta hanyar waɗanda suka tafi. Ashe dai waƙa ta daɗe da samun izinin yin makoki. Zube ne aka bari a baya.

Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne kunya da rufin asiri. Tarihin gida ba ya yiwuwa sai an faɗi abin da ya faru bayan arba'in: rabon gado, da kishiyar da aka fitar, da ƙanin uba da ya sayar da fili, da wanda ya tsaya tsayin daka ba a zata ba. Wa zai rubuta wannan alhali duk suna raye, kuma gobe za a haɗu a wurin suna? Shi ya sa marubutanmu, musamman mata, suka koma bayan labulen ƙagaggen labari. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ba ta rubuta tarihin kanta ba, sai ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? Lokacin da ake ta muhawara a jaridu a shekarun 1990 kan Adabin Kasuwar Kano, masu suka da masu kariya duk sun fi mayar da hankali kan soyayya da tarbiyya. Ba a cika lura da cewa littattafan nan da yawa tarihin gida ne da aka sauya wa sunaye ba. Labulen ya yi amfani, ya ba mata damar faɗin abin da ba ya faɗuwa. Amma yana da tsada, domin duk abin da aka kira ƙage, mai karatu yana da ikon ya ce ƙage ne, ya rufe littafi ya yi barcinsa. Labarin Baba ba ya ba da wannan mafita.

To ita Baba yaya aka yi ta tsallake kunya? Muna ganin dalili biyu ne. Ta tsufa, ta kai shekarun da mace ke faɗin abin da ta ga dama a bar ta. Sannan da baƙuwa take magana, wadda za ta naɗe takardunta ta hau jirgi. Akwai abin da mace za ta gaya wa baƙuwa wanda har ta mutu ba za ta gaya wa 'yar cikinta ba, balle ɗan fari da ko sunansa ba ta iya kamawa.

Wannan ya kawo mu ga wanda muke ganin shi ne ya dace ya rubuta irin littafin nan a ƙasar Hausa. Ba ɗa ba ne, jika ne. Al'adar da ta sa shamaki tsakanin uwa da ɗa, ita ce kuma ta buɗe ƙofa tsakanin kaka da jika. Jika yana iya zama a kan tabarmar kakarsa ya kira ta matarsa, jikanya ta kira ta kishiya, a yi ta tsokana, a cikin wasan nan a tambayi abin da uba ba zai taɓa iya tambaya ba: 'ya'ya nawa kika binne kafin babanmu ya tsaya? Wa ya fara zuwa neman aurenki? Ranar da Malam ya rasu me ke cikin tukunya? Kuma za ta amsa, tana zagi tana dariya, wani lokaci ta yi shiru ta gyara ɗaurin kallabi. Mary Smith ta yi aikinta da alƙalami da takarda, da Hausar da ta koya da girma. Jikokin da ke Darmanawa da Unguwa Uku da Hotoro yau kowanne yana da waya a aljihu mai ɗaukar magana ta sa'o'i, kuma harshen nasu ne, ba sa bukatar tafinta. Da yawa daga tsofaffin unguwannin nan ba a nan aka haife su ba, daga ƙauyukan Kano da Zazzau da Katsina da Damagaram aka zo da su, kowace da jerin sunayenta irin na Baba a ka. Sai dai jikan ya koyi abin da Mary ba ta samu yi ba ko da yaushe, wato idan tsohuwa ta yi shiru a tsakiyar labari, kada ya yi sauri ya jefo wata tambayar.